Ta Uku a Takarda

Lissafin da Agogo ya yi a bayan tsohuwar kalanda babu kuskure ko ɗaya a cikin lambobinsa. Ya tara, ya ninka, ya sake tarawa har sau huɗu, amsa ɗaya yake samu. Amma da ya nuna wa wanda ya taɓa wuni a filin wasa ko sau ɗaya ne, da tun a layin farko mutumin zai dafe takardar ya ce, "Tsaya, malam, ba haka ake yi ba." To bai san irin wannan mutumin ba. Abokin aikinsa Na-dare kaɗai ya nuna wa, shi kuwa Na-dare ko kwata zai tsallake sai ya yi shawara da gwiwoyinsa.

Agogo mai tsaron mararraba ne, a bakin gari, inda titin mota ya ratsa layin dogo. Aikin ba shi da yawa, amma ba ya son gyangyaɗi. Wayar tasha za ta yi ƙara a ɗan ɗakinsa na kwano, ya ɗauka, a ce masa jirgi ya taso. Sai ya fita ya juya hannun ƙarfe, dogayen sanduna biyu masu fenti ja da fari su sauko su tare titi. Ya tsaya da koriyar tuta har taragon ƙarshe ya wuce, sannan ya ɗaga sandunan, motoci su ɓarke da ham kamar shi ya aiko jirgin. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, bai taɓa bari wayar ta yi ƙara sau uku ba. Direbobin hanyar ne suka sa masa suna Agogo, har sunansa na yanka ya ɓace.

Su biyu ne a wurin. Na ukunsu ya yi ritaya bara, ba a kawo wani ba. Agogo ke riƙe da shida na safe zuwa shida na yamma, Na-dare ya karɓa har gari ya waye.

Saƙon ya shigo wayarsa ranar Juma'a. Muryar 'yarsa ce, da hoton wata takarda.

"Baba, ina wuni. Ranar Talata za a kawo mu garinku, gasar makarantu. Tsallen sama nake yi, ƙarfe goma na safe. Ga takardar sunaye na turo maka, ni ce ta uku. Ana gamawa motoci za su juya da mu. In kana da hali ka zo. In babu hali ma ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin ita ta hana shi cin abincin rana. Tana da shekara tara suka rabu da uwarta. Uwar ta yi wani aure, suka koma wani gari mai tafiyar awa shida. Yanzu yarinyar shekararta goma sha shida, tana makarantar kwana, kuma a cikin shekarun nan bakwai sau huɗu ya sa ta a ido. Na ƙarshe a tashar mota ne, shekara biyu ke nan, kanta iya kafaɗarsa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Kawun yarinyar kuma ya tsegunta masa cewa an yi wa mijin uwar canjin aiki zuwa wata ƙasa, ana ba da hutu za su tattara su tafi duka.

Ya danna wayar ya ce, "Uwata, zan zo." Sai da ya tura sannan ya fara tunanin yadda zai yi.

Shugaban tasha bai yi masa wulaƙanci ba. Ya ce, "Kawo mini wanda zai tsaya a wurin, ka tafi ko sati guda ne." Babu wanda zai tsaya sai Na-dare. Na-dare kuwa ya haura sittin, ga ciwon suga, in ya kwana a tsaye rana ta fito, ko magana kake yi da shi sai ka ga kansa ya langaɓe. Zai iya zama ya tsare ɗaki, amma Agogo ba zai bar masa jirgi da rana ba.

Ranar Litinin da yamma, da Na-dare ya zo karɓar aiki, Agogo ya shimfiɗa masa kalandar a kan teburi.

"Yaya, duba nan. Jirgin kaya zai wuce tara da minti talatin da biyar. Daga nan babu komai sai na fasinja, sha biyu saura minti goma. Wayarsa sha biyu saura ashirin. Daga nan zuwa filin wasa minti ashirin da biyar ne a keke, na gwada jiya. In na tashi goma saura ashirin, goma da biyar ina can. In na baro can sha ɗaya da goma, zan iso da ragowar minti biyar a hannuna."

"Awa ɗaya da minti biyar ke nan," in ji Na-dare, yana zare takalmi. "Ya ishe ka?"

"Har da ƙari. Su goma sha shida ne a takarda. Kowaccensu tsalle uku za ta yi, kamar yadda muke yi a firamare, a ɗauki wanda ya fi. Na ba kowane tsalle minti ɗaya da rabi, da gudunta da gyaran sanda. Zagaye ɗaya minti ashirin da huɗu. Na ƙara musu minti goma na latti, don ba jirgi ba ne su. Ita ce ta uku. Ka ga tsallenta na farko goma da sha huɗu, na biyu sha ɗaya saura ashirin da biyu, na ƙarshe sha ɗaya da minti biyu. Duka ukun a idona."

Na-dare ya ɗauki takardar ya nisanta ta da fuskarsa, ya kusanto da ita, ya ajiye.

"Ikon Allah. Kai kana nan kana sauke wa mutane sanda su tsaya, ita tana can ana ɗaga mata ta tsallake. Wa ta gado?"

"Ba ni ba dai."

"Na sani. Kai ko igiyar shanya sai ka zagaye ta. Je ka abinka, ina nan. Idona biyu."

"Yaya, ka bar wayarka a aljihun gaba."

"Na ce maka idona biyu, ko sai na rantse?"

Ranar Talata jirgin kaya ya wuce a kan lokacinsa. Agogo ya ɗaga sanduna, ya rataye tuta, ya cire rigar aiki ya sa farar da ya goge tun asuba. Ya bar Na-dare a kujera da kofin shayi a gwiwa, ya hau keke.

Goma da minti bakwai ya ɗaure keken a jikin wani ƙarfe a bayan rumfar 'yan kallo. Bai taɓa shiga filin nan ba, duk da shekarun da ya yi yana wucewa ta gabansa. Abin ya fi ƙarfin idonsa. Can ana gudu, nan ana jifan dalma, wasu suna tsalle cikin rairayi, lasifika tana ta kiran sunaye ba ta numfashi. Ya tambayi wani mai usur a wuya inda ake tsallen sama, aka nuna masa ƙarshen fili, inda aka shimfiɗa wata ƙatuwar katifa da sanda a gabanta a kan ƙafafu biyu. Ya bi matakala ya sauka har bencin ƙarshe na kusurwa. Daga nan sai shingen waya, sai hanyar gudu mai layi takwas, sannan 'yan matan, zaune a ciyawa. Ba a barin kowa ya ƙetare shingen.

Da farko bai gan ta ba, don wadda yake nema kanta iya kafaɗarsa ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dawo. Sai ya hangi wata can gefe ita kaɗai, cikin shuɗiyar rigar sanyi da dogon wando, ta ɗora haɓa a gwiwa, tana murza kunnenta na hagu da yatsu biyu. Tun tana goye take wannan murzar in tana jin barci ko tana tunani. Ita ce. Agogo ya riƙe wayar shingen.

Goma da sha biyu wata alƙaliya mai farar hula da allon rubutu ta kira ta farko. Yarinyar ta rugo a karkace, ta juya baya, ta faɗa katifa, sanda tana nan. Aka kira ta biyu, ita ma ta wuce. Agogo ya dubi agogon hannunsa. Minti biyu kacal tsakaninsa da lissafinsa. Ya gyara tsayuwa.

Sai alƙaliyar ta kira wata gajera mai jan wando.

Uwata ko motsi ba ta yi ba. Aka kira ta gaba, aka kira ta gaban ta gaba. Agogo ya zaro waya ya buɗe hoton takardar, ya ƙirga da yatsa. Ɗaya, biyu, uku. Sunanta ne. To me ya faru? Ko an cire ta? Ko ta ji ciwo a hanya? Ko wata takarda ce ba a cika mata ba, irin wadda ake cewa uba ya sa hannu?

"Bawan Allah, ka zauna mana, ka tare mini 'ya."

Wata mata ce a bencin baya, kakkaura, da lema mai furanni da jakar ruwan sanyi a gefenta. Agogo ya ba ta haƙuri ya zauna a bakin benci.

"Baiwar Allah, don Allah in tambaye ki. An tsallake sunan wata. Ko kin san dalili?"

"Wacce?"

"Ta uku. Waccan mai shuɗi. 'Yata ce."

Matar ta sauke lemar ta ƙare masa kallo. "Au! Kai ne uban Zalɓe?"

"Uban wa?"

"Zalɓe mana. Haka 'yan matan ke kiranta, saboda ƙafafun. Ai malam 'yarka ta hana mu sakat. Shekara biyu duk inda muka je ita ce a gaba, Autata tana ganin motar makarantarsu sai cikinta ya ɗuri ruwa. Ba tsallake ta aka yi ba. Ita ta ce a wuce ta. Wannan 'yar sandar ai raini ne a wurinta, ba ta cire rigar sanyi sai an kai ɗaya da arba'in."

"Ɗaya da arba'in na me?"

"Mita ɗaya da santimita arba'in. Yanzu ana ɗaya da sha biyar. Biyar-biyar ake ƙarawa."

"To ba sau uku kowa ke yi a tashi ba?"

Matar ta yi dariya har lemar tana rawa. "Sau uku a kowane tsayi! In kin wuce tun a na farko, ki koma ki zauna. In kin kayar sau uku, ki tattara takalmanki. Haka za a yi ta ɗagawa har a bar mutum ɗaya. Gwanaye ba sa ɓata ƙarfinsu a ƙasa, sai an tace. Kai ubanta ne ba ka san wannan ba?"

"Aiki ya yi mini yawa," in ji Agogo, yana kallon ƙasa.

Daɗi da ciwo suka haɗe masa. Ashe 'yarsa ce ake jin tsoro a filin nan. Ashe har suna gare ta da bai sani ba. Kuma da 'yar baya-baya ce, da tuni ya ga tsallenta.

Ya zaro kalandar daga aljihu, ya juya inda babu rubutu, ya ari biro a wurin matar. Sha biyar, ashirin, ashirin da biyar, talatin, talatin da biyar. Hawa biyar kafin a zo nata. Yanzu goma da ashirin. In kowane hawa ya ci minti goma, sha ɗaya da 'yan mintuna za a kai. Tsalle ɗaya dai zai samu. Ɗaya ma ya isa.

Hawa na farko ya ci minti goma sha uku. Na biyu ya ci sha huɗu.

Bai san akwai abubuwan da ke cin lokaci haka ba. Sanda in ta faɗi, sai mutum biyu sun ɗauko ta, sun ɗora, sun ja baya sun duba ko ta zauna. Yarinya in an kira ta, sai ta tsaya tana karkaɗa hannu, tana magana da kanta, ta tako uku ta fasa ta koma. Wata takalminta ya kwance. Iska ta kayar da sanda babu wanda ya taɓa ta. Sannan, da yake wasu daga cikin 'yan matan daga kan hanyar gudu suke fara takunsu, duk lokacin da aka harba bindigar tsere sai alƙaliya ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya, sai masu gudu sun zagayo sau biyu sun wuce. Agogo ya ƙirga wannan tsayuwar, minti huɗu, a tsaye kawai, ana kallon bayan mutane.

Sha ɗaya saura kwata ya kira Na-dare.

"Idona biyu," in ji Na-dare, da murya kamar daga cikin randa. "Ta yi?"

"Tukuna. Yaya, tashi ka ɗan zagaya ɗakin."

"Ina zagayawa."

Agogo bai ji ƙarar kujera ba.

A ɗaya da ashirin da biyar aka fara zubewa. Nan ya rasa addu'ar da zai yi. In yarinya ta wuce a tashin farko, ta rage masa minti biyu yanzu, amma tana nan a hawa na gaba. In ta kayar sau uku, ta ci masa lokaci, amma ta tafi ke nan. Ya tsinci kansa yana yi wa 'ya'yan mutane fatan faɗuwa, ya yi istigfari, wata ta kayar, ya ji sanyi a ransa, ya sake yin istigfari.

Duk wannan Uwata tana zaune. Ta sha ruwa. Ta kwance igiyar takalmi ta sake ɗaurewa. Ta miƙe ƙafa ɗaya ta kama yatsun da hannu, ta kwantar da kai a gwiwa. Wata ƙawarta ta zo ta raɗa mata wani abu, ta yi dariya ta rufe baki da bayan hannu, sak uwarta. Sau ɗaya ta ɗaga kai ta bi rumfar 'yan kallo da ido, a hankali, daga wancan ƙarshen. Agogo ya miƙe ya ɗaga hannu biyu. Kafin idonta ya iso kusurwarsu malaminsu ya yi mata magana, ta juya.

"Ta gan ni kuwa?"

"Da wannan ranar a idonta?" in ji mai lema. "Kai dai zauna. Ga Autata nan, yi mata addu'a."

An kai ɗaya da talatin, agogo ya nuna sha ɗaya saura biyar. Auta ta kayar a na farko. Ta kayar a na biyu. A na uku ta goge sandar da ɗuwawu, sandar ta yi rawa, ta yi rawa, ta zauna. Uwar ta yi wurgi da lema ta miƙe tana guɗa. Agogo ya ce, "Wayyo," bai san ta fito ba.

"Wayyo? Malam, 'yata ta wuce kana cewa wayyo?"

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Barka. Wallahi barka. Lokaci ne ba ni da shi."

Ya gaya mata maganar jirgin a taƙaice. Matar ta ɗauki lemarta ta kakkaɓe, ta daina dariya.

"To ai saura hawa ɗaya. Su bakwai suka rage. Kuma in an kai arba'in ita za a fara kira, tunda ta farko da ta biyu duk sun fita."

Sha ɗaya da minti takwas aka fara ɗaya da talatin da biyar. Sha ɗaya da goma ta zo ta wuce, Agogo yana zaune. Ya ce a ransa, minti biyar ɗin da na ajiye ai nawa ne. Sha ɗaya da kwata ta yi. Ya ce, in na taka da ƙarfi, minti ashirin ma ya kai ni. Ya kira Na-dare. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

A daidai nan Uwata ta miƙe. Ta zuge rigar sanyi ta ninke ta a kan jaka. Agogo ya ga tsawonta, ya san ko shi yanzu sai ya ɗaga kai zai dubi idonta. Ta je gindin ƙafar sanda, ta juya baya, ta fara taku, dunduniya a bakin yatsa, tana ƙirgawa da leɓe. Ta sunkuya ta manna wani farin ƙyalle a ƙasa. Ta koma ta sake ƙirgawa, ta matsar da shi da faɗin yatsa biyu.

"Ka ga," in ji mai lema a hankali, "ita ma mai lissafi ce."

Ya sake kiran Na-dare. Shiru.

'Yan mata uku suka rage da gwaji na ƙarshe. Ta farko ta kayar. Ta biyu ta wuce. Ta uku Auta ce. Ta rugo, ta tashi, ta tafi da sandar gaba ɗaya. Ta zauna a kan katifa ta rufe fuska. Sha ɗaya da sha tara.

Mutum biyun nan suka kama ƙafafun sanda suna murzawa. Alƙaliya ta kawo ma'auni ta tsayar a tsakiya, ta leƙa, ta girgiza kai. Gefe ɗaya ya fi ɗaya. Suka sauke, suka sake murzawa. Agogo ya kira sau na uku, yana jin ƙarar wayar a kunnensa, yana ganin titin mararraba a idonsa. Ya san abin da ke bin titin a wannan lokaci: tankokin mai, masu babur da buhuna, matan da ke dawowa daga kasuwa da kaya a ka. Duk cikinsu babu mai duban hagu ko dama, don shekara goma sha tara sun saba in sanda tana sama babu jirgi.

Sha ɗaya da ashirin da biyu. Ya miƙe.

"Malam, minti biyu! Kira na gaba nata ne!"

Ya kama shingen ya buɗe murya. "Uwata! Uwata!"

Mata uku a benci suka waiwayo. Lasifika ta ɓarke da kiran masu tseren miƙa sanda, wata makaranta ta hau kiɗa da robobin ruwa. Uwata tana tsaye a kan farin ƙyallenta, ta ba shi baya, tana kallon sandar da har yanzu ake aunawa.

"Baiwar Allah, ki gaya mata..."

"In ce me?"

"Ki ce ubanta ya zo. Ki ce tun ƙarfe goma yana nan."

"To," in ji matar. Amma idonta yana kan Auta, wadda ta nufo shinge tana kuka da takalma a hannu.

Ya hau matakala bibbiyu. Yana bayan rumfa, yana kokawa da makullin keke, sai filin ya ɗauki ihu gaba ɗaya, dogo, har kwanon rumfar yana amsawa. Ya tsaya da makulli a hannu. Daga inda yake bango kawai ake gani. Ya hau keke.

Bai san yadda ya ratsa kasuwa ba. Farar rigar ta manne masa a baya. Tun daga kan kwana ya jiyo wayar tasha tana ƙara. Ya yar da keken a bakin ƙofa ya faɗa ɗaki. Na-dare yana kan kujera, baki buɗe, kofin shayi yana nan a gwiwarsa ko ɗigo bai zube ba.

"Agogo, lafiya?" in ji mutumin tasha. "Kira na huɗu ke nan. Saura kaɗan in sa a tsayar da jirgi. Ya taso."

"Na ji. Ina nan."

Ya fita ya juya hannun ƙarfe. Wata tanka ta ja birki da tsaki. Ya tsaya da koriyar tuta, jirgin fasinja ya wuce sha biyu saura goma daidai.

Ƙarar jirgin ce ta tashi Na-dare. Ya fito yana goge baki, ya dubi sanduna, ya dubi Agogo, ya sunkuyar da kai.

"Ɗan'uwa, ban san lokacin da..."

"Bar shi, Yaya. Ni na ɗora maka abin da ba naka ba."

"Ta ci?"

"Ban gani ba."

"Ba ka samu shiga ba?"

"Na shiga. Na ga ta zauna." Ya naɗe tutar a jikin sandarta. "Awa ɗaya da kwata ina kallonta tana zaune. Yaya, ta fi ni tsawo. Wai tsoronta ake ji. Zalɓe suke ce mata."

Na-dare ya matso kusa da shi. Ya dafa kafaɗarsa, ya ɗauki jakarsa ya tafi gida.

Agogo ya mayar da rigar aiki. Ya ɗauki waya ya fara magana, ya goge, ya sake, ya goge. A na uku ya ce, "Uwata, na zo. Ina kusurwa ta wajen katifa, farar riga. Na ga kin manna alamarki. Jirgi ne ya kira ni." Ya tura. Saƙon ya fita daga wayarsa, bai nuna ya shiga tata ba. A makarantarsu sai ranar hutun mako ake ba su wayoyi.

Wajen biyu da rabi yana zaune a bakin ƙofa sai ya hango dogayen motoci uku sun taho a jere daga cikin gari, cike da 'yan makaranta, ana waƙa ana buga jikin mota. Hanyoyi uku ne ke fita daga garin, wannan ɗaya ce daga ciki, kuma bai san kalar motar makarantarsu ba. Ya miƙe. Ƙafarsa ta kai shi wurin hannun ƙarfe. In ya juya shi sau shida sanduna za su sauko, motocin su tsaya, ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu kawai. Babu jirgi sai ƙarfe huɗu. Babu wanda zai sani sai direbobin da suka yarda cewa sandarsa ba ta ƙarya.

Hannunsa yana kan ƙarfen, sai motar farko ta hau layin dogo, ta yi tsalle, ta wuce. Ta biyu labulenta a sauke. A ta uku akwai hannaye a waje, wasu da shuɗin hannun riga, wasu da ja, fuskoki suna wucewa da sauri fiye da yadda ido zai tsayar. Ya ɗaga ɗaya hannun yana ɗaga musu duka. Wata ta ɗaga masa, amma yara suna ɗaga wa mai tsaron mararraba hannu kullum.

Ya koma ya zauna. Har Na-dare ya dawo ƙarfe shida, Agogo bai san ko ihun nan nata ne ko na masu tsere ba. Bai san ko ta tsallake ɗaya da arba'in ba, bai san ko mai lema ta isar da saƙo ba, bai kuma san ko yarinyar ta san ya zo ba.